Rigar Ruwan Ɗorawa da Littafin Gaisuwa: Bikin Haihuwar Sarkin Tailan Kamar Yadda Na Yi Shi

A ƙarshen 2012 ina Bankok, ina karatun kimiyyar ƙasar noma. Ni mutumin Kura ne, kuma kafin in je iyakar sanina da Tailan shi ne buhun shinkafar nan da ke karya wa manoman garinmu farashi. Sarkinsu kuwa fuskarsa na fara sani kafin sunansa, don tana jikin kowace takardar kuɗi, tana ƙofar kowace ma'aikata, tana rataye a shagon mai aski da rumfar mai taliya. Bhumibol Adulyadej ke nan, Rama na 9, an haife shi ranar 5 ga Disamba 1927, yana kan gado tun Yunin 1946. A shekarar zai cika 85, kuma tun Satumbar 2009 a asibitin Siriraj yake zaune. Sai ga sanarwa cewa ranar haihuwarsa zai fito barandar fadar Ananta Samakhom jama'a su gan shi, abin da rabonsa da yi a wurin tun 2006, lokacin da ya cika shekara 60 a kan mulki. Gari ya ɗauka.

A sashenmu aka manna takarda a jikin allo: duk mai son bin tawaga zuwa sa hannu a littafin gaisuwa, da kuma zuwa filin taro ranar bikin, ya rubuta sunansa. Ba wanda ya ce dole ne, balle ga baƙi irina. Amma na ga sunan kowa a kai, tun daga shugaban sashe har matar da ke wanke mana kwalabe a ɗakin gwaji. Na rubuta nawa.

Abu na farko riga. A al'adarsu kowace rana ta mako da launinta, sarkin kuma ran Litinin aka haife shi, launin Litinin shi ne ruwan ɗorawa. Sai dai a shekarun nan launin ya riga ya shiga siyasa. Tun wajen 2006 ƙasar ta rabu gida biyu, masu rawayen riga da ke adawa da tsohon firaminista Thaksin Shinawatra, da masu jajayen riga da ke goyon bayansa, kuma a 2010 an zubar da jinin mutum kusan 90 a titunan Bankok kan wannan rigima. Shi ya sa wasu suka koma sa ruwan hoda idan za su nuna ƙaunar sarki, don an taɓa ganinsa ya fito daga asibiti da kwat mai wannan launi a 2007. Amma a wannan karon kowa ya koma rawaya, har da gwamnatin Yingluck Shinawatra, ƙanwar Thaksin ɗin, wadda jajayen riga suka kawo kan mulki.

Kasuwar Pratunam na je saye, inda 'yan kasuwarmu na Afirka ke sarin kaya. Akwai wani dattijo Bakano da ya daɗe yana aiko da tufafi gida daga can, na biya ta wajensa. Da ya ga abin da ke cikin ledata sai ya yi dariya.

"Malam, kai ma ka shiga layi ke nan?"

Na ce, "Alhaji, kallo zan je."

"To je ka yi kallonka, amma ka bar harshenka a ɗaki. Nan ba a wasa da sunan mutumin nan, ko da raha ce. Ko kuɗinsu ne ya faɗi iska ta ɗauka, kada ka kuskura ka sa ƙafa ka take, fuskarsa ce a jiki."

Ba tsoratarwa ba ce kawai. Sashe na 112 na dokar laifukan Tailan ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga duk wanda ya ci mutuncin sarki ko sarauniya ko mai jiran gado, kuma kowace magana lissafinta daban. A watan Mayun shekarar wani dattijo mai suna Ampon Tangnoppakul ya rasu a gidan yari, yana cikin ɗaurin shekara 20 kan saƙonni 4 na waya da aka ce shi ya tura, shi kuwa ya musanta. Da wannan a raina na shiga hidimar, kuma tambayar da ta riƙa bina ita ce: godiyar da doka ta tsaya a bayanta da sanda, ta yaya mutum zai gane ta gaskiya ce?

Akwai kuma tawa damuwar ta Musulmi. Na sha gani a talabijin yadda ake gaida sarkin: mutum ya zube ƙasa a kan gefensa, ƙafafu a lanƙwashe baya, ya haɗa tafuka ya sunkuyar da goshi a kansu. Sarki Chulalongkorn ya taɓa soke wannan gaisuwa a 1873, a zamanin Bhumibol aka farfaɗo da ita. Mu ma mun tashi mun ga ana faɗuwa gaisuwa a fada, kuma mun ji malamai na ja-in-ja a kai, amma a nan har gaban hoto ake yi, ga furanni ga turaren wuta. Na kai maganar wajen wani abokin karatuna Musulmi, ɗan lardin Narathiwat da ke can kudu kan iyakar Maleshiya, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne masu yaren Malay. Ya ce in kwantar da hankalina. Su tsayawa suke yi cak a gaban hoton, hannu a gefe, su wuce. Jami'an fada sun san haka, ba mai cewa uffan. Ya ce shi zai je, don mahaifinsa ya bugo waya takanas ya ce ya sa hannu a madadin gidansu.

Asibitin Siriraj yana hayin kogin Chao Phraya, ɓangaren Thonburi. Jirgin fito muka shiga daga Tha Phra Chan zuwa Wang Lang, tafiyar 'yan mintuna, jirgin maƙil da mutane cikin rawaya, wasu riƙe da hotonsa a ƙirji. An riga an gaya mana shigar da ake so: dogon wando, rufaffen takalmi, mata siket mai rufe gwiwa. A harabar asibitin akwai mutum-mutumin Yarima Mahidol, mahaifin sarkin, wanda ya yi karatun likita a Harvard, dalilin da ya sa ma aka haifi Bhumibol a Amurka. Kewaye da shi mutane ne zazzaune a tabarmi, fuskokinsu sama, suna kallon hawa na 16 na wani dogon bene. Nan ɗakinsa yake. Ba abin da ake gani sai gilashi da labule. Amma suna nan, wasu na karatun addu'o'insu daga 'yan ƙananan littattafai, wasu sun yi shiru kawai.

A wani zaure ake sa hannun. Ana shiga rukuni-rukuni, wani jami'i cikin fararen kaya yana kiran sunan ma'aikata ko makaranta. Da aka zo kanmu, shugaban sashe ya ajiye kwandon furanni a gaban babban hoton, sauran suka zube gaba ɗaya, ni da abokina muka tsaya a bayansu. Na ji kamar duk idon zauren a kaina yake, baƙin mutum dogo a tsaye kowa na ƙasa, amma da na saci kallo ba wanda ya damu da ni. Daga nan aka nuna mana teburori a jere, kowanne da buɗaɗɗen littafi mai kauri, da alƙalami, da kujera. Shafin a tsage yake layi-layi, yawanci suna kawai ake rubutawa. Na ga layin da ke saman nawa hannu ne mai rawa, harufan Tailan manya-manya karkatattu, da gani na tsoho ne ko wanda bai yi nisa a makaranta ba. Abokina ya rubuta nasa, ya rubuta na mahaifinsa a ƙasa. Ni kuma na rubuta sunana da boko, na ƙara da Najeriya. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba, bayan layin da ya ci mana rabin safiya.

A hanyar komawa na tambaye shi me ya sa tsohon nasa ya nace haka. Amsar da ya ba ni ta faɗo daidai kan abin da ya kai ni ƙasar.

Yankinsu fadama ce ta ruɓaɓɓen ganye da itace, ƙarƙashinta kuma akwai laka mai ɗauke da ma'adinin farar wuta. Muddin ruwa na kwance a kanta lafiya lau. Da zarar an janye ruwan don a yi noma, iska ta shiga, sai ƙasar ta yi tsamin da shinkafa ba ta iya rayuwa, ruwan kwalbati ya koma ja kamar tsatsa, kifi ma ya mutu. Haka gonakin ƙauyensu suka zama. Sarkin yana da gida a Narathiwat, yakan je ya yi makonni, yana yawo da taswira a hannu da kyamara a wuya, kamar yadda ake ganinsa a hotuna. A 1982 aka kafa cibiyar bincike ta Pikun Thong a lardin bisa umarninsa, bayan shekara biyu kuma ya ba da shawarar da suke kira tsokanar ƙasa. Maimakon a jira shekaru tsamin na fita kaɗan-kaɗan, sai a riƙa busar da fili a sake cika shi da ruwa, a busar a cika, har a ƙure shi ya fitar da iyakar tsaminsa. Sannan a wanke da ruwa mai daɗi, a zuba farar ƙasa, a kuma riƙe ruwan ƙarƙashi kada ya sauka ƙasa da lakar nan. Mun karanta wannan a aji, na ma yi jarrabawa a kai. Ban taɓa jin sa daga bakin wanda ya ci tuwonsa ba sai ranar. Ya ce gonar da kakansa ya haƙura da ita, ita ta biya masa kuɗin sakandare.

Ya ƙara da wani abu: fassarar Alƙur'ani da ke gidansu, ta harshen Tailan. Sarkin, duk da mabiyin Buda ne, shi ya nemi shugaban Musulmin ƙasar na lokacin, Tuan Suwannasat, ya fassara shi a shekarun 1960, ya kuma tallafa aka buga aka raba masallatai. "To ka ga," in ji shi, "ai ka san hadisin, wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Babana bai san siyasar Bankok ba. Gona ya sani da littafi."

Ranar bikin Laraba ce. Tun dare ya raba muka fito, don an ce wasu a can suka kwana, kuma haka ne. Motar makaranta ta sauke mu nesa, an rufe hanyoyi, muka ƙarasa a ƙafa ta titin Ratchadamnoen Nok. Ana bincika jaka, a bi da kai ta ƙofar na'ura, sannan a miƙo maka 'yan tutoci biyu na takarda, ta ƙasa mai ja da fari da shuɗi, da rawaya mai tambarin sarki. Filin gaban fadar, inda mutum-mutumin Chulalongkorn yake a kan doki, ya riga ya cika tun kafin mu iso. A kan kwalta muka sami wuri, can baya, kusa da wani babban allon talabijin. Asuba ta same mu a nan. Muka yi alwala da ruwan gora a gindin bishiya, muka shimfiɗa kwali bayan wata motar 'yan kwana-kwana muka yi salla. Da muka dawo sai muka tarar wata tsohuwa da ke gefenmu ta baje jakarta da lemarta a wurinmu don kada a zauna.

Sai jira. Disamba ce, wai sanyinsu ke nan, amma da hantsi ya yi kwaltar ta fara ɗaukar zafi, ga shi a zaune ake a ƙasa, ba damar miƙe ƙafa. Masu aikin sa-kai na bi suna raba ruwa da mafici da auduga mai warin magani don masu jiri. Kusan kowa na da ɗan abin shaƙar nan mai ƙamshin mantaleta, ana zura shi a hanci ba kunya. Na ga an ɗauke mutane a gadon ɗaukar marasa lafiya, yawanci tsofaffi. Ban-ɗaki kuwa motoci ne da hukumar birni ta jera, layinsu ma abin kallo ne.

Tsohuwar nan daga lardin Lopburi ta zo, ita da jikarta. Abokina ke yi mana tafinta. Ta tambayi daga ina nake, na faɗa, ta ce ƙwallo, ta yi dariya. Da na tambaye ta me ya kawo ta tun daga can a wannan shekaru nata, ba ta ce don sarki ne ba, ba ta ce don al'ada ba. Cewa ta yi ruwa. Madatsar Pa Sak Jolasid, wadda aka buɗe a 1999 bisa shawararsa, ita ta raba su da ambaliyar damina da ƙishin rani. Ta kuma haƙa tafki a gonarta bisa tsarinsa da ake koya wa ƙananan manoma, a raba fili kashi 30 na tafki, 30 na shinkafa, 30 na itatuwa da kayan lambu, 10 na gida da dabbobi. Ta shiga lissafa min da yatsu abin da ke cikin gonar, kifi, ayaba, gwanda, agwagi, ta ce a bakin tafkin ta dasa ciyawar nan mai dogon saiwa da ke riƙe ƙasa, 'yar uwar jemar da muke yin zana da ita. Shi ma dai sarkin ne ya yaɗa ta.

Wannan ne abin da na fi lura da shi a yinin nan. Duk talakan da na tambaya, da abu yake amsa min, abin da za a iya nunawa da yatsa: dam, hanya, gona, asibitin tafi-da-gidanka, jirgin da ke watsa sinadari a gajimare don a sami ruwa. Waɗanda ke amsawa da manyan kalmomi irin su uban ƙasa da haɗin kai yawanci 'yan birni ne masu tsadaddun tabarau. Ban ce tasu ƙarya ba ce. Amma ta tsohuwar na fi ganewa, don na san abin da madatsar Tiga ta yi wa Kura da Kadawa.

Wajen ƙarfe goma da wani abu allon ya nuno jerin motoci sun baro asibiti, sai guɗar mutane ta fara tun daga nesa tana matsowa. Dakarun fada sun jeru a gaba, kowace runduna da launinta, da dogayen huluna masu gashi. Fadar kanta farin dutsen marmara ce da aka kawo daga Italiya, an gama ta a 1915, ga ƙubba a sama, ka ce a Turai kake. Aka yaye labulen baranda. Da idona ɗigon zinariya kawai na hango. A allo ne na ga tsoho a zaune cikin alkyabba mai ruwan zinariya, fuskarsa ba motsi, 'ya'yansa a gefe. Sarauniya Sirikit ba ta fito ba, ita ma ba ta da lafiya tun tsakiyar shekarar. Aka buga taken sarki, aka harba igwa.

Yarima mai jiran gado Vajiralongkorn ya yi gaisuwa a madadin gidan sarauta, firaminista Yingluck ta yi a madadin gwamnati da jama'a, shugaban majalisa da na kotun ƙoli suka yi, sojoji suka sabunta rantsuwa da murya ɗaya. Sannan sarkin ya karanta nasa daga takarda. Gajere ne ƙwarai. Muryar a shaƙe take, yana yi yana tsayawa, wani lokaci tsayawar ta yi tsawon da za ka ji mutane sun riƙe numfashi. Kafafen labarai sun ce mutum kusan 200,000 ne a wurin, amma a 'yan mintunan nan har kaɗawar tutar takarda ana ji. Abokina ya raɗa min ma'anar: ya gode musu, ya ce fatan alherin da ya gani a fuskokinsu ya ƙara masa ƙarfi, kuma idan suka riƙe wa junansu irin wannan kyakkyawar zuciya ƙasar za ta zauna lafiya. Ba wanda bai san da wa yake ba, ga jajaye ga rawaye duk a fili ɗaya cikin riga iri ɗaya.

Yana rufe baki filin ya ɓarke. "Song phra charoen!", wato ran sarki ya daɗe, ana yi ana maimaitawa, tutoci sama. Tsohuwar Lopburi ta haɗa tafuka a goshi, hawaye na bin kumatunta har cikin wuyan riga, ba ta ko share ba. Wani ƙato a gabana, da zanen allura a damtse, kuka yake da sauti. Jikar tsohuwar kuwa, 'yar shekara goma sha, hoto take ɗauka da waya, idonta a bushe. Ita ba ta san sarkin da ke tsallaka tabo da taswira ba, tun tasowarta tsoho mara lafiya ta sani. Abokina bai yi kuka ba, bai kuma yi ihu ba. Ya ɗaga tafukansa daidai ƙirji ya yi addu'a gajeriya ya shafa. Aka saki labule. Duk abin da aka kwana a titi dominsa bai wuce rabin sa'a da 'yan kai ba.

Fita ta fi shiga wuya. Muka bi ayarin mutane a hankali muka gangaro ta gadar Phan Fa, muka wuce dandalin tunawa da dimokuraɗiyya, har unguwar Banglamphu. A nan akwai masallacin Chakraphong, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan birnin, a cikin wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa. Muka yi azahar, muka sami mai dafa-dukar shinkafa da kaza mai kurkum a bakin lungun muka zauna.

A nan ne, da murya ƙasa-ƙasa, na yi masa tambayar da ke cina. Na ce Tak Bai fa? Don a lardinsu ne, a Oktoban 2004, jami'an tsaro suka tarwatsa zanga-zangar Musulmi, suka jibge waɗanda suka kama a manyan motoci kamar buhuna, mutum 78 suka mutu a hanya saboda rashin iska, ban da waɗanda aka harbe a wurin. Ya daɗe yana juya cokali. Ya ce a ƙauyensu mutane sun raba abin biyu, sojoji da gwamnati daban, sarki daban. Ya ce shi da ya yi karatu ya san rabon bai kai haka sauƙi ba, don sojojin nan su ne suka yi rantsuwa ɗazu. Ya ce akwai samari a garinsu da ko an biya su ba za su sa wannan riga ba, kuma bai ga laifinsu ba. Daga nan ya ce mu bar maganar, ya waiga bayansa, duk da cewa da Turanci muke yi kuma ba kowa kusa.

Waigen nan ya tsaya min a rai daidai yadda hawayen tsohuwar suka tsaya. Kowane dare wajen ƙarfe takwas tashoshin talabijin na kawo labaran gidan sarauta, a sinima a lokacin sai an miƙe wa taken sarki kafin fim, yaro tun daga firamare da wannan yake tashi. Mujallar Forbes ta sha sa shi a kan gaba cikin sarakunan duniya masu dukiya, shi da ke wa'azin a wadatu da kaɗan, kuma ba a tattauna wannan a fili. Shi da kansa a jawabin haihuwarsa na 2005 ya ce sarki ma na iya kuskure kuma a iya sukarsa, amma shari'o'in sashe na 112 sai ƙaruwa suka yi bayan juyin mulkin 2006. A ganina dokar ta cuci har masu ƙaunarsa, don ta sa baƙo irina zai kalli tsohuwar da ta yi tafiyar dare saboda ruwan gonarta ya fara tunanin ko tsoro ne ya kawo ta. Ita kuwa ba tsoro ba ne. Na zauna kusa da ita sa'o'i, na sani.

Da yamma muka ƙarasa Sanam Luang, babban filin da ke gaban tsohuwar fada, wanda itatuwan tsamiya suka kewaye. A nan ake bikin fara huɗa na sarauta kowace shekara, a nan kuma ake ƙona gawar sarakuna. Ranar ta zama kasuwar kyauta: rumfunan abinci, masu aski, masu duba hawan jini, duk ba ko sisi, kamfanoni da ƙungiyoyi na yi don neman lada da sunan sarki. Ranar ce kuma ranar uba a ƙasar, don haka ko'ina ka ga yara da 'yan mata riƙe da wani fure rawaya da ake ba iyaye maza. Muka koma masallaci muka yi magariba, muka dawo duhu ya fara.

Kowa aka miƙa masa kyandir rawaya, an zura shi cikin 'yar takarda mai kamar mazurari don kada kakin ya ɗiga a hannu. Ɗalibai Musulmi da na sani sun rabu a kan wannan, wasu na kunnawa suna cewa girmamawa ce kawai, wasu na ganin ya yi kama da ibadar wasu. Abokina ba ya kunnawa. Ni ma na karɓa don kada in gwale mai bayarwa, na miƙa wa wani yaro da nasa ya karye. Bayan ƙarfe bakwai firaminista ta hau dandamali gaban wani ƙaton hoton sarki, ta ajiye tiren girmamawa, ta karanta jawabi, ta kunna babban kyandir. Daga nan wutar ta riƙa tafiya hannu zuwa hannu, kowa na karkato nasa ga na maƙwabcinsa, cikin 'yan mintuna ta iso bayan fili inda muke. Aka rera waƙoƙin yabonsa, kowa ya haddace, har direbobin tuk-tuk, wato a-daidaita-sahunsu, da suka kashe injin a bakin titi. A daidai wannan lokaci haka ake yi a kowane lardi na ƙasar, ana nunawa a allo. Sai wasan wuta ya tashi ta bayan rufin fada, yara suka manta da kyandir suka koma ihu.

Mota ba ta samu ba sai da muka yi tafiya mai nisa a ƙafa, kakin kyandir duk ya manne a tafin takalmi. Washegari da safe aka koma aji, jaridu kuma ba su yi mako ba suka koma rigimar gyaran tsarin mulki.

Fitowar nan ita ce ta ƙarshe da ya yi a wannan baranda. A 2013 a fadarsa ta Hua Hin aka yi bikin, a 2014 likitoci suka hana shi fita, ya rasu ranar 13 ga Oktoba 2016 bayan shekara 70 a kan gado. A 2013 ɗin Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 5 ga Disamba a matsayin ranar ƙasar noma ta duniya, an zaɓi ranar ne saboda shi, don haka mu masu wannan sana'a har a Najeriya muna taro a ranar haihuwarsa, da yawanmu ba tare da sun san dalili ba. A Tailan har yanzu hutu ce kuma ranar uba. Amma wanda ke son ganin bikin haihuwar sarki mai ci sai ya je ranar 28 ga Yuli, ta Vajiralongkorn, Rama na 10. Shi ma ran Litinin aka haife shi, don haka rigar ba ta canza launi ba, sashe na 112 ma yana nan daram.